Sandar da Na Ɗauke a Bayan Kujerar Motarka

Diffa, ranar Alhamis

Baba Gana, ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina kuma gaishe ka gaisuwar ɗa, tun da sunan mahaifina kake ɗauke da shi. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kai ka Fulatari lafiya jibi, ya tsare ka a kan kwalta da kan rairayi, ya tsare duk wanda za a kwantar a bayan motarka.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke sa hannu, me ya kawo takarda? Ai ka san halina. In na buɗe baki da niyyar nasiha, faɗa ne ke fitowa, ni kaina ban san ta inda yake biyowa ba. Alƙalami kuwa ba ya ɗaga murya. Ka yi haƙuri da rubutun, na karatun manya ne, da gemuna na koye shi.

Inda ka tarar da takardar nan, a bayan kujerar direba, nan sandarka take. Ni na ɗauke ta. Jiya da azahar ina zaune a inuwar itacen bedi na garaj, na hango ka kana canza man birkin motar nan kat-kat da likitar Fulatari, asibitin garin, ta damƙa maka don ɗaukar marasa lafiya. Kai kaɗai kake aikin. Ka taka birki, ka tokare shi da sanda a jikin kujera, ka zagaya da gudu, ka kwanta ƙarƙashin mota ka kwance noti, ka ɗaure, ka fito, ka sake. Tsakanina da kai bai kai taku ashirin ba, amma ba ka kira ni ba. Ban ji haushi ba, babana. Tsoro na ji, irin wanda ya hana ni cin abinci. Shi ya sa zan gaya maka kurakuraina da man birki, daga ƙarami zuwa babba, don ka ga inda sandar nan take kai mutum.

Na farko na yi shi ina aparanti a hannun Malam Isufu, mutumin Damagaram, wanda ya koya mini kanikanci da tuƙi, Allah ya ji ƙansa. Mun ɗauko banda daga Tumur, lokacin hanyar tana lafiya, mutum na tafiya ba ya waiwaye. A hanya na buɗe gaban mota na ga ɗan kofin man birki ya yi ƙasa. Ba mu da man birki, amma akwai man inji a galan. Na ce a raina mai ai mai ne, na tsiyaya, na rufe, na yi shiru ina jin kaina gwani. Kwana biyu lafiya lau. A na uku tayoyi suka fara riƙewa, suna zafi har ba a iya taɓa su. Malam Isufu ya kwance, ya zaro robar ciki, ya ɗora mini a tafin hannu. Ta kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa. Bai zage ni ba. Ya dai dube ni ya ce, “Kyari, wa ya ba motata abin da ba ta ci?” Sai da muka canza duk robobin motar, kuma ni na yi aikin, yana zaune yana shan shayi yana kallona.

To ka ji. Birki man birki kawai yake sha, shi ma mai lambar da aka rubuta a kan murfin kofin. Kada ka karɓi wanda aka ɗura a wata buteli daban, ko wanda aka buɗe aka ajiye tun bara, ko da mai shi ya rantse maka. Fulatari ba Diffa ba ce da za ka aika a sayo maka a bakin kasuwa. Ka tafi da guda biyu rufaffu, ka ajiye su inda rana ba ta dukansu. In kuwa ya ƙare maka a daji, ka ajiye motar ka nemi taimako. Gara a ce direba ya makara.

Na biyu na yi shi bayan na sami motar kaina, ina jigilar tattasai daga garake na bakin Komadugu. Shekarar kogin ya cika ya tumbatsa, muna ta ratsa ruwa safe da yamma. Na kan duba kofin in ga mai yana nan cif, in rufe. Ban taɓa kula da launinsa ba, alhali ya riga ya yi baƙi kamar shayin farko. Man birki mayen ruwa ne, yana tsotsarsa ko daga iska, balle ga motar da ke wanka a kogi kullum. In ya sha ruwa, ranar da birki ya yi zafi sai ruwan ya tafasa a ciki, ka taka ka ji taushi. Haka ya yi mini wata rana da lodi har sama. Na samu na tsaya da ƙyar. Da motar ta huce birki ya dawo, sai na ce ai hanyar ce ba ta da kyau, har na je na karɓo addu'a na rataya a madubi. Addu'a ba ta da laifi, amma ba ita za ta canza mini mai ba.

Don haka ka dinga duba launi, ba cika kaɗai ba. Sabo garau yake, kana hango gindin kofin. In ya fara duhu, lokaci ya yi, kada ka jira damina ta biyu ta wuce a kansa. Kafin ka buɗe murfin ka goge shi tas, don rairayin can ba ya neman izini. Ka zuƙe tsohon da sirinji, abin da ba za ka rasa ba a likita, ka zuba sabo. Ka fara da tayar da ta fi nisa da kofin, ta baya hannun dama, sai ta baya hannun hagu, sannan ka dawo gaba, ta kusa da kai ita ce ta ƙarshe. Ka sa ɗan tiyo a bakin notin iska, ɗaya bakin ya nutse cikin mai a buteli, don ka ga kumfa da idonka. Sai kumfar ta ɗauke, mai ya fito garau, sannan ka matsa gaba. Kuma bayan kowane taku kaɗan ka leƙa kofin ka ƙara. Ni na taɓa barinsa ya ƙafe saboda hirar kokawa ta yi daɗi, ya zuƙi iska, na koma na sake tayoyi huɗu daga farko, abokan hirar suna ta yi mini sannu da aiki.

Na san duk ka san wannan, wataƙila ma ka fi ni, kai da ka yi karatu a lekol. Na faɗa ne don bakina ya saba. Abin da ba ka da shi a zamanina shi ne shingayen da ke hanya yanzu. Mu in birki ya ƙi, itace muke tsoro ko rami. Kai kuwa za ka riƙa isa shingen masu tsaro da gudu, da mace mai naƙuda a baya. A ƙasar da aka sha wuya irin tamu, mutanen Gagamari da ke kwana a bukkokin gudun hijira sun isa shaida, motar da ta nufo shinge ba ta tsaya ba, ba kowa ne zai tsaya tambayarta dalili ba. Birkinka ya kama a taku ɗaya. In sai ka taka biyu, ba ka da birki.

Na uku ba a kan mota na yi shi ba, a kanka na yi. Kana da shekara goma sha biyar, na ɗora ka a kujera ka taka mini, ina ƙasa da kile, abin kwance noti. Ka san yadda ake yi: na ƙasa ya ce taka, na sama ya taka sau uku, na ƙasa ya ce riƙe, na sama ya riƙe, na ƙasa ya kwance noti, ƙafa ta nutse, ya ɗaure, sai ya ce saki. In na sama ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iska ta koma ciki, aiki ya lalace. Ran nan ka ɗaga kafin in ce. Na fito daga ƙarƙashin mota a gaban mutanen garaj kaf, na ce da jaki na ɗora a kujerar da ya fi ka amfani. Aka yi dariya. Ka sauko, ka je ka tsaya bayan tankin ruwa. Da yamma na tuna cewa a daidai lokacin ana gwada injin ban-ruwa a gefenmu, ƙararsa ta cika wurin. Ba ka ji ni ba ne, ka ji wani ya yi magana ka ɗauka ni ne. Na gane tun ranar, kuma yau shekara tara ban faɗa maka ba. Tun daga nan ka daina tambayata komai. Ka koyi aikin nan kaf da ido, daga nesa, har ka zama abin da ka zama. Mutane suna cewa ɗan Kyari akwai zuciya, ba ya neman kowa, ni kuma ina ta washe baki ina karɓar yabo. Jiya na ga abin da na shuka. Ka yafe mini, Baba Gana. Laifina ne, ba naka ba.

In Allah ya ba ka wanda zai taka maka, kada ka yi masa yadda na yi. Ka sa ya riƙa amsa maka kowace kalma: na taka, na riƙe, na saki. In ba ka ji amsa ba, kada ka taɓa noti. In ya yi kuskure, mai kaɗan ne ya zube, ku sake. Mutumin da ka kunyata a gaban jama'a ba a sake shi daga farko kamar taya.

Saura babban. Wannan sai da na nemi izinin innarka kafin in rubuta, don sirrinta ne fiye da nawa.

Farkon aurenmu ba ni da aparanti, ba ni da garaj, a ƙofar gida nake gyaran motata. Innarka ce ƙafata. Takan fito da lulluɓinta, ta hau kujerar direba tana jin kunya, maƙwabta suna leƙe suna cewa Falmata ta zama shofer. Ban taɓa samun mai taka birki kamarta ba. In ta ce “na riƙe”, ko gidan ne ya kama wuta ba za ta ɗaga ba.

Kana da wata takwas aka aiko cewa kakarka ba ta da lafiya a ƙauyensu na bakin kogi. Innarka ta ce in kai ta. Lokacin kakar tattasai ne, na ce ta jira. Ta sake magana, na faɗa mata wata kalma a kan danginta wadda ba zan maimaita ba ko a takarda. Kwana uku tana ajiye mini abinci ba ta ce mini ci kanka ba. A na ukun na ga ba ni da gaskiya, na aika mata ta bakin maƙwabciya cewa ta shirya, gobe za mu tafi. Ka ji fa, matata, cikin gidana, amma sai da ɗan aike.

Da la'asar na canza tiyon birki na baya da ya fara tsatsa, sai fitar da iska. Tana tsakar gida, ina jin ƙarar tabaryarta. Kalma ɗaya ce tsakanina da ita: zo. Na tsaya a bakin ƙofa, na kasa. Na ce wai ni Kyari in fara yi wa mace magana? Na shiga madafa ta baya kamar ɓarawo, na ɗauko muciyarta, na tokare birki da ita a jikin kujera, daidai yadda na ga ka yi jiya. Abin da ban gani ba, tun da ina ƙarƙashin mota, shi ne duk lokacin da na kwance noti, matakin birkin yakan nutse, muciyar ta yi sako-sako ta zame, ya ɗago kafin in ɗaure. Ina fitar da iska ta ƙofa tana komowa ta taga. Da na gama na taka, na ji ɗan taushi. Na taka na biyu ya kama. Na ce zai yi. Na jefa muciyar ƙarƙashin kujera na manta da ita.

Da safe muka kama hanya, tana gefena, kana kan cinyarta, babu mai ce wa wani uffan. Ka san gangaren da ke sauka mashayar ƙauyensu. Muna kaiwa kansa na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Na sake takawa, ya ɗan ja, ya saki. Na fizgi birkin hannu, wanda ya mutu tun watanni ina cewa gobe. A ƙasa mata ne cike suna wanki, da yara a bakin ruwa. A hannun dama akwai goruba guda. Na karya sitiyari na nufe ta. Innarka ba ta yi ihu ba. Ta rungume ka da hannun dama, ta tokare gaban motar da na hagu. Na ji ƙarar ƙashin, har yau ina jinta. Kai ko ƙwarzane ba ka yi ba, kuka kawai kake yi don an tashe ka daga barci.

Yayyenta maza suka sheƙo da gudu daga garka, babbansu da fartanya a hannu, yana cewa, “Me ya faru? Kashe mana ita za ka yi?” Ita ce, tana riƙe da hannun da ke reto, gumi na zuba mata, ta ce, “Yaya, saniya ce ta gitta mana, ya kauce mata. Ku gode wa Allah, ku gode masa.” Wannan shi ne labarin da ka tashi da shi, labarin saniya. Babu saniya, babana. Innarka ce ta ƙirƙiro ta nan take, ta rufa mini asiri da ita shekara ashirin da uku. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma wuyan hannun ya warke a karkace. Shi ne hannun da kake gani ba ya iya ɗaukar tulu, wanda ke mata ciwo duk lokacin sanyi.

Bayan mako biyu, da aka jawo motar gida, ta je ɗauko mayafinta da ya faɗa ciki, sai ta fito da muciyar. Ta daɗe tana nemanta. Ta dubi muciyar, ta dubi kujerar, ta dube ni. Ba ta taɓa riƙe kile ba, amma ta taka birkin nan sau ɗari, nan da nan ta gane. Na jira zagi, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, “Malam, da ka kira ni ai da na zo. Bakina ne ya yi fushi da kai, ƙafata ba ta yi ba.” Ta juya ta shige ciki. Na zauna a kan taya na yi kuka, ban damu da wanda ke wucewa ba.

Tun ranar ban sake fitar da iskar birki ni kaɗai ba. Na taɓa jira rabin yini a daji har wani makiyayi ya zo wucewa, wanda bai taɓa shiga mota ba, na koya masa kalmomin nan uku muka yi aikin yana dariya. Sanda ba ta amsawa, Baba Gana. Ba za ta ce maka ta zame ba. Na san ana sayar da wasu na'urori da mutum ɗaya ke aikin da su, in ka samu ka yi amfani da abinka. Amma ba na'ura ka rasa jiya ba. Kira ne ya yi maka nauyi, kuma na san nauyinsa, don a wurina ka gada.

In ka isa Fulatari, kafin ka san inda ake sayar da burodi, ka nemi ƙafarka. Gardin likitar ne, mai shara ne, ungozoma ce, ko majo, shugaban likitar da kansa, in ba shi da girman kai. Ka gaishe shi, ka sha shayi da shi, ka koya masa tun ba a shiga matsi ba. In kun yi saɓani wata rana, kuma za ku yi, ka kira shi duk da haka. Hanyoyin can tudun rairayi ne da gangaren kwari, kuma waɗanda za ka ɗauka ba su da hannun da za su tokare gaban mota. Wata tana riƙe da ciki, wani ma bai san inda yake ba. Kai suka ba amana, ba su san da sanda ba.

Da na gaya wa innarka zan rubuta maka wannan, tana tsince shinkafa ta ce, “Gaya masa. Saniyar ma ta gaji, a bar ta ta huta.” Ta karɓi sandarka ta ce da ita za ta hura wutar guzurinka, don haka kada ka wahalar da kanka nema.

Ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Aikin jiya ban yarda da shi ba. Bayan ka tafi salla na shiga na taka, akwai ɗan taushi, kai ma na san ƙafarka ta gaya maka. Gobe in an sauko Juma'a ka kawo motar ƙofar gida, inda muke yi da. Na sayo mai sabo, rufaffe. Innarka ta ce ita za ta tsaya a kan kofin tana ƙarawa, hannu ɗaya ya ishe ta. Kai ne a ƙasa da kile, ni zan hau kujera. Shekara talatin ina ba da umarni daga ƙarƙashin mota, gobe kai za ka ba ni. In na yi kuskure ka faɗa mini duk abin da ka ga dama, har da na jakin, na ci bashinsa.

Allah ya yi maka albarka, ya yi wa hannunka albarka. Allah ya raba ka da mugun ji da mugun gani, da sharrin hanya da sharrin mutum, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Allah ya sa duk wanda ya hau motarka yana nishi ya sauka a hannun masu magani da ransa. Ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, mu gan ka da idonmu. Amin summa amin.

Gwiwata ta tsufa, amma har yanzu tana riƙewa. Ka ce taka in taka, ka ce riƙe in riƙe. Ba zan ɗaga ƙafata ba sai na ji muryarka.

Babanka,
Kyari